Stevia za ta kawar min da ƙurajen fuska kafin biki?

Tambaya: Likita, saura wata 3 bikina, fuskata kuwa ta cika da ƙuraje. An ce sukari ne, wai in koma stevia. Akwai man haɗi da nake saya wurin wata mata, in na shafa sai su kwanta, in na bari kwana 4 sai su dawo fiye da da. Wallahi har kunyar fita nake. Stevia ɗin za ta yi min magani? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ƙanwata. Stevia ganye ne daga Faraguwai da Barazil, zaƙin da ake tacewa daga cikinsa ya ninka na sukari sau 200 zuwa 300, kuma ba ya ɗaga sukarin jini. Amfaninta gare ki ke nan. Duk abin da ke ɗaga sukarin jini da sauri yana ɗaga insulin, sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita sukarin jini, shi kuma ya sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. To in kin sa ta a shayi ko zoɓo, kin rage wa kanki wani abu. Amma ki karanta bayan kwalin, don da yawa ana cakuɗa su da maltodextrin ko dextrose, waɗanda suke ɗaga sukarin jini kamar sukarin da kike gudu. Tana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe, kada ki ce ta lalace. Kuma ba dabara ba ce ki sa stevia a shayi, ki tsiyaya rabin gwangwanin madara, ki haɗa da farin burodi, da rana ki kora da lemon kwalba mai sukari kusan cokali 9. Zuma ma da ake cewa a koma mata, a wannan fannin jirgi ɗaya ya kwaso su da sukari.

Amma ni ba stevia ce ta tsaya min a rai ba, wannan man haɗin ne. Yadda kika siffanta shi, su kwanta in an shafa, su taso da fushi in an bari, kusan kullum haka man da aka zuba wa sitiroyid yake yi, irin su clobetasol da betamethasone. Ba ranar da zan zauna a asibiti ban ga irin wannan fuskar ba. Sitiroyid ɗin nan magunguna ne masu ƙarfi na wasu cututtukan fata, ana ba da su na ɗan lokaci a ƙarƙashin kulawar likita. Sai wata da ba ta taɓa zama ajin haɗa magani ba ta matse su cikin roba, ta ƙara man bilicin da turare, ta liƙa suna mai daɗi, ta hau TikTok tana rantsuwa ganye ne zalla. Ganyen wace bishiya ne yake goge ƙuraje a kwana 3? Makon farko za ki yi haske, ƙawaye su yaba. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito ja a kumatu, gashi ya tsiro, ga wasu ƙananan ƙuraje iri ɗaya da man da kansa ya haifar. Ki koma wurinta ki yi ƙorafi, ta ce "datti ne yake fita", ta sayar miki da mai lamba 2. Mai kemis ma da zai miƙo man sitiroyid ba takardar likita, laifinsa bai gaza nata ba.

Kada ki daina shafa man haɗin dare ɗaya, fuskar za ta yi ja ta yi zafi. Ɗauki robar ki kai wa likitan fata a wannan makon, ya tsara miki yadda za ki janye a hankali. Maganin ƙuraje na gaskiya, irin su benzoyl peroxide da adapalene, yana ɗaukar mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, wato lokacinki ya yi daidai in kin fara yanzu. Ki gaya masa aure za ki yi, don adapalene ba a shafa shi da juna biyu.