Yaushe aka fara maganar tsimin makamashi?

Malam, ka tambayi asalin wannan fafutuka da rawar da ƙungiyoyin sa-kai suka taka. Abin ya kankama ne a 1973, da ƙasashen Larabawa suka daina sayar wa Amurka mai. Layi ya yi tsawo a gidajen mai, har gwamnati ta ƙayyade gudun mota zuwa mil 55 a awa. A 1977 sanatoci Charles Percy da Hubert Humphrey suka kafa ƙungiyar sa-kai ta tsimin makamashi mai suna Alliance to Save Energy. Wayar da kai da matsa wa majalisa lamba ne aikinta, ba ta yin doka. Mutane kan ruɗe a nan: tambarin Energy Star na 1992, wanda ake liƙa wa kayan lantarki masu tsimin wuta, na gwamnati ne, ba na ƙungiyar ba. In kuwa shan wutar gidanka ne damuwarka, ƙwararren mai lantarki ya fara aunawa kafin ka sayi komai.