Na Ga Kaina Ko Na Gani Da Kaina?

Wata malamar sakandare daga Zariya ta aiko da tambaya. Ta ba ɗalibanta aikin rubuta labarin wani abu da ya faru a gabansu, sai wani yaro ya rubuta "I saw myself in the accident", alhali nufinsa shi ne yana tsaye a bakin titi motoci biyu suka yi karo. Ta ja masa jan biro, amma da ya tambaye ta laifin jimlar sai bayani ya ƙi fitowa. Tana so ta san yadda Bature yake cewa ya ga abu da kansa.

Malama, jan bironki yana kan daidai, kuma yaron bai yi nisa da hanya ba. Maganin yana cikin Hausarmu. Ki sa shi ya saurari waɗannan biyun: "na ga kaina" da "na gani da kaina". Na farko sai a gaban madubi ko a hoto, domin mai gani shi ne abin da aka gani. Na biyu kuwa shaida ce, mutum yana cewa ba wani ya ba shi labari ba. Duk bambancin yana kan wannan 'yar ƙaramar "da". To, Turanci ba shi da ita a wannan wuri. Kalma ɗaya ce, "myself", take ɗaukar kayan biyu, kuma mazauninta a jimla shi ke nuna wanne ta ɗauka. In ta zo daf da bayan aikatau, kamar "I saw myself", ita ce abin da aka gani. In aka fara ambaton abin sannan ta biyo baya, kamar "I saw the accident myself" ko "I saw it myself", ta koma ƙarfafa magana kawai. Gwajinsa mai sauƙi ne: a cire ta. In jimlar ta tsaya da ƙafarta, to ta ƙarfafawa ce. Jimlar ɗalibinki ta jefa shi cikin motar ne, shi kuwa ɗan kallo ne.

Akwai wasu biyu da ke rikita yara. "I saw it for myself" ta fi nauyi, domin tana ɗauke da shakka da ta gabata: an faɗa masa, bai gamsu ba, ya taka ya je. Mu a nan sai mu ce "na je na gane wa idona". Haka mai sayar da hatsi a Dawanau zai kwance bakin buhu ya ce "zuba hannu ka gane wa idonka", Bature kuma ya ce "see for yourself". Ita kuma "by myself" ba ruwanta da shaida, ma'anarta ni kaɗai. Wanda ya ce "I saw it by myself" yana nufin babu kowa tare da shi a lokacin. Mu ne muke haɗa su, domin "da kaina" tana iya nufin ni ɗin nan, tana kuma iya nufin babu mataimaki, kamar a ce yaro ya fara cin abinci da kansa.

Abin sha'awa, Turanci ma ba da wannan tsari ya taso ba. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila kafin mamayar Normawa ta 1066, "self" kalma ce mai zaman kanta da ake ƙarawa don jaddadawa, daga baya ta manne da wakilan suna. Mannewar ma ba ta tafi bai ɗaya ba. Shi ya sa ake da "myself" da "yourself" daga siffar mallaka, wato "my" da "your", amma "himself" da "themselves" daga siffar karɓau, wato "him" da "them". Har yau a wasu karuruwan Turancin Ingila da Amurka ana jin "hisself". Mu namu ya fi tsari: kaina, kanka, kanki, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu. Kai ne dai, wannan da ake ɗora wa hula. Fulani ma da kai suke yi, "hoore", Yarabawa da jiki, "ara", Larabawa da rai, "nafs".

Sai dai a ganina, in maganar shaida ce, Bahaushe ya fi yarda da ido a kan kai. "Na gani da kaina" daidai ce, amma ki saurari mutane ranar duban watan azumi. Wani ya shigo masallaci yana cewa an ga wata, dattijo zai juyo ya ce, "Kai ka gan shi da idonka, ko ji ka yi?" Ba zai ce da kanka ba. Bature ma yana da "with my own eyes", kuma ita ce ta fi kusa da tamu, har da zafinta.

Wani mai karatu daga Maraɗi kuma ya tambayi asalin "ganau" da "jiyau", da ko suna da takwara a Turanci.

Daga gani da ji suka fito, da ɗafin "-au" irin na "mantau" da "gagarau", wato wanda aka san shi da abin. Ganau shi ne "eyewitness". Jiyau kuwa ba shi da kalma guda da ta zauna masa daram. Turawa sun raɗa wa maganar suna, "hearsay", wato ji-ta-ji-ta, amma sun bar mai ɗauke da ita babu suna. A kotu wannan ba wasa ba ne, domin Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ta ce shaidar baka ta fito daga wanda ya gani ko ya ji kai tsaye. Karin maganar "gani ya kori ji" ana yawan fassara ta da "seeing is believing", amma ni ban cika gamsuwa ba. Ta Bature tana cewa sai ka gani za ka yarda. Tamu ta fara amincewa cewa an riga an ji, sannan gani ya zo ya tashe shi daga wurin. Ta fi kusa da maganar Larabawa cewa labari ba kamar gani da ido ba ne.