Baba Ya Gaji da Ciwon Suga: Ana Iya Auna Damuwarsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim, ya daɗe da ciwon suga. Duk zuwa asibiti jininsa kawai ake aunawa. Yanzu ya daina zama wajen mai shayi, in an kawo tuwo sai ya zuba masa ido, har ya ce a bar sayen magani, gara a sayi taki. 'Yan'uwansa na cewa ƙarancin tawakkali ne. Akwai yadda ake gane irin wannan damuwar?
'Yarsa, daga Jigawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya. Ban yarda da maganar 'yan'uwansa ba. Mutumin da kullum yake lissafin loma, yake tsoron makanta ko yanke ƙafa, ga kuɗin magani duk wata, dole ransa ya gaji, komai ƙarfin imaninsa.

Kuma ana aunawa. A 1995 masana a cibiyar Joslin da ke Boston, Amurka, suka fitar da tambayoyi 20 da ake kira PAID. Makin daga 0 zuwa 100 ne, wanda ya kai 40 damuwarsa ta yi tsanani. A 2005 aka fito da DDS mai tambayoyi 17, tana duba nauyin ciwon a zuciya, wahalar bin ƙa'idar abinci da magani, zamansa da likita, da zamansa da dangi. Wannan na ƙarshen ya fi taɓa ni, domin a ƙauye mai suga yakan ci abinci shi kaɗai, ana ta yi masa “kar ka ci, kar ka sha”.

Akwai gajeriyar DDS ɗin mai tambaya biyu, ke ma za ki iya yi masa bayan isha'i, ku biyu kawai: “Baba, a watan nan, kana jin ɗawainiyar ciwon ta fi ƙarfinka? Kana jin kana gazawa wajen bin ƙa'idarsa?” A kowace tambaya ya zaɓi lamba daga 1 (ba ya damunsa) zuwa 6 (yana damunsa ƙwarai). In amsoshinsa na kaiwa 3 ko fiye, ki raka shi asibiti ki faɗa wa ma'aikacin lafiya da bakinki, har da maganar takin, domin wani lokaci akan samu magani mai sauƙin kuɗi. Kafin nan, kada ya daina shan nasa.

Amma in ya yi mako biyu komai ya fita ransa, har gonar, barci ya ƙaurace masa, ko yana cewa gara ya mutu, wannan ya wuce gajiya da ciwo. Kada ku jira ranar awo, ku kai shi wurin likita washegari.