Amsa kan Eclipse: da gaske ne shi ne kakan dawakin sukuwa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka tambaya ko gaskiya ne akwai wani ingarma a Ingila da ba a taɓa tsere masa ba, wanda kusan duk dawakin sukuwar Turawa jikokinsa ne, kuma ko sanin uban doki ya isa mutum ya zuba kuɗi ya saya. Na daɗe ina harkar barga, kuma tarihin wannan doki na cikin abin da na fi bibiya, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

Dokin da kake nufi Eclipse ne. An haife shi a 1764, shekarar da aka yi husufin rana a Ingila, a bargar Duke na Cumberland, ɗan Sarki George na Biyu. Ja ne, mai farin goshi har hanci, da farar ƙafar baya ta dama. Da mai shi ya rasu a 1765 aka yi gwanjon dawakinsa, wani dillalin tumaki mai suna William Wildman ya sayi duƙushin kan gini 75, kuɗin zinarin Ingila na wancan zamani. Doki ne mai zafin rai da taurin kai, har an so a fiɗiye shi don ya yi laushi. Allah bai nufa ba.

Bai shiga fili ba sai da ya shekara biyar, ran 3 ga Mayu 1769 a Epsom. Sukuwar lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Mil 4 ake gudu, sama da kilomita 6, a huta kaɗan a sake komawa, sai doki ya ci zagaye biyu kafin a ba shi kyauta. Duk dokin da aka ba wa ratar yadi 240 an fitar da shi, ba a ma lissafa shi. A nan ne wani ɗan cacan Ayalan, Dennis O'Kelly, ya ci alwashin faɗar yadda dawakin za su jeru a zagaye na biyu: Eclipse na ɗaya, sauran babu su. Haka kuwa aka yi. O'Kelly ya sayi rabin dokin kan gini 650, daga baya ya biya 1,100 ya mallake shi gaba ɗaya.

Sau 18 ya fita, sau 18 ya ci, 11 daga ciki kyautar Sarki ce, inda doki ke ɗaukar nauyin kusan kilo 76. Duk wanda ya taɓa ɗaura sirdi ya san me wannan nauyin ke yi wa doki a doguwar tafiya. Ga shi babu motar ɗaukar dawaki, da ƙafarsa yake zuwa Winchester, Canterbury, Newmarket har York. An ce mahayinsa John Oakley bai taɓa sa masa bulala ko ƙaimi ba, sakin linzami kawai yake yi, dokin ya sunkuyar da kai kusa da ƙasa ya tafi. Sau 8 ma shi kaɗai ya zagaya fili, don kowa ya janye nasa. Rashin abokin karawa ne ya sa aka mayar da shi barga don barbara a 1771. Ya mutu a 1789 da ciwon ciki, da aka buɗe shi aka tarar zuciyarsa ta haura kilo 6. Ƙasusuwansa na nan a kwalejin likitocin dabbobi ta Royal Veterinary College.

Yanzu batun jini, inda na fi son ka tsaya. Uban Eclipse Marske ne, ɗan Squirt, ɗan Bartlett's Childers, ɗan Darley Arabian, wanda Thomas Darley ya saya a Halab ta Siriya ya aika Ingila a 1704. Shi Bartlett's Childers bai taɓa shiga tsere ba, saboda haɓo yake yi in ya yi gudu. Ƙanin Flying Childers ne uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fi kowane doki gudu a zamaninsa, amma zuriyar ta ɗore ne ta wajen mai haɓon. Marske kuwa ba wanda ya damu da shi sai da ɗansa ya yi suna. Ta hannun 'ya'yan Eclipse biyu, Potoooooooo da King Fergus, salsalar ta ɗore, kuma ta kan Potoooooooo ta gangaro har zuwa shahararrun dawakin baya-bayan nan irin su Northern Dancer, Galileo da Frankel. Bincike ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na dawakin sukuwar Turawa, in aka bi uba zuwa uba, ga Darley Arabian suke tuƙewa, akasari ta kan Eclipse.

To amma ka lura, lissafin uba zuwa uba ne kawai, reshe ɗaya cikin dubbai. In aka haɗa da ɓangaren uwaye, jinin Godolphin Arabian, wani ingarman da shi ma aka kai Ingila daga waje, ya ninka na Darley a jikin dawakin yau. Shi kansa Eclipse yana ɗauke da shi, domin uwarsa Spilletta 'yar Regulus ce, ɗan Godolphin Arabian. Kuma duk da 'ya'yansa uku sun ci Derby, babbar gasar sukuwar Epsom, a 1781, 1783 da 1784, bai taɓa zama na ɗaya a jerin ubannin da 'ya'yansu suka fi cin kyauta a shekara ba. Wani ingarma mai suna Herod da ɗansa Highflyer ne suka riƙa shan gabansa. Masu kiwon lokacin sun gane cewa haɗa jinin Eclipse da 'ya'yan Herod mata ne ke ba da doki na gaske. Waxy, jikan Eclipse da ya ci Derby a 1793, wanda ta kansa salsalar ta bi, uwarsa 'yar Herod ce.

Abin da ke ba ni takaici a wajenmu shi ne mai saye ya zo barga, tambayarsa ɗaya ce: wane ne ubansa? Da an kira sunan ingarman da ya taɓa cin sukuwa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Na sha ganin ingarma ɗaya ya hau goɗiyoyi dabam-dabam a damina guda, wani ɗan ya fito da faɗin ƙirji da dogon numfashi, wani kuma tun zagayen farko ka ji yana huci, ƙafar gaba na rawa. Uba ɗaya ne, uwaye ne suka bambanta, sai kuma irin ciyarwar da duƙushin ya samu yana ƙarami.

Saboda haka in ka je ganin dokin, ka nemi a nuna maka goɗiyar da ta haife shi, ka tambayi yadda yayyensa na ciki ɗaya suka kasance. Mu nan galibi ba a rubuta asalin dawaki kamar yadda Ingila ke yi tun 1791, don haka maganar dillali kaɗai ba ta isa ba, sai ka samu wanda ya ga haihuwar. Bayan nan ka sa a sukwane shi a gabanka, ka dafa jijiyoyin ƙafafunsa na gaba in ya tsaya ka ji ko akwai zafi ko kumburi, ka leƙa hancinsa, ka kuma lura da tsawon lokacin da numfashinsa ke ɗauka kafin ya daidaita.