Mustang ɗin 1966 da ba a taɓa sake mata fenti ba: in gyara ta kafin in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina zaune a jihar Ohio ta Amurka. Wani dattijo maƙwabcina da muka yi zaman mutunci, da zai koma wajen 'yarsa sai ya sayar min da motarsa Ford Mustang ƙirar 1966, shi ya saye ta sabuwa kuma ta fi shekara goma a gareji ba a tayar ba. Fentin ya dushe, kujerar direba ta ɗan tsage, agogon tafiya na nuna mil 61,000. So nake in sayar in ƙarasa gini a gida, sai abokina yace in fara yi mata fenti da sabbin kujeru tukunna zata fi kuɗi. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Dan Allah kar ka bari kowa ya kusanci motar nan da fenti, abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa amma shawarar motar hawa ya baka, wannan kuma ba ita bace.

Ka san yadda dillalan mota a gida suke cewa fes bodi, har mutum ya ƙara kuɗi don kawai fanel bita bai taɓa mota ba? To masu tara tsofaffin motoci a Amurka sun fi mu tsanani a kan wannan nesa ba kusa ba. Ford ta ƙera Mustang sama da 600,000 a shekarar 1966 kaɗai, don haka motar kanta ba abu bane mai wuyar samu, kayan gyaranta ma har yau ana ƙera sabbi. Waɗanda aka sake wa fenti da kujeru suna nan birjik. Wadda ke da wuyar samu ita ce irin taka, da fentin kamfani da kujerun kamfani kuma daga hannun mutum ɗaya. Ranar da ka fesa mata sabon fenti ta koma cikin sahun sauran, kuma mai saye zai fara zargin tsatsa ka rufe ko ciko, ga kuɗin aikin fenti a ƙasar nan ba wasa ba, da wuya ka maido shi a ciniki.

Fara sanin wacce iri ce a hannunka. Buɗe bonet ka duba ƙarfen gefen injin ta ɓangaren direba, lambar cesis na nan a buge. Ta farko 6 ce, wato shekara. Harafi na biyu masana'anta: F Dearborn, R San Jose, T Metuchen. Sai 07 mai rufin ƙarfe, 08 mai buɗaɗɗen rufi, 09 mai zubabben baya, kuma waɗannan biyun na ƙarshe sun fi tsada. Harafi na biyar shine inji, nan kuɗin yake: T mai silinda shida, C da A injin 289 mai silinda takwas, in kuwa ka ga K to ka tsaya kar ka yi ciniki da kowa sai gwani ya gani, don wannan ne mai ƙarfin doki 271 kuma kaɗan aka yi. A ƙofar direba akwai wani ɗan faranti mai lambar launi da ta kujeru, ka gwada da abin da ke jikin motar, kar ka cire shi ko don gogewa.

Kar ka sa batir ka murza makulli haka kawai. Fetur ɗin shekara goma ya riga ya lalace, a zubar, a canza baƙin mai, bakanike ya cire fulogi ya juya injin da hannu ya ji ko bai kame ba. Birki kuma ka kula sosai wallahi, na 1966 layi ɗaya ne, in man ya zube a wuri guda duk ƙafafu huɗun sun tafi. Gyara irin wannan, birki da tayoyi da tiyo, ba ya rage mata daraja, amma duk abin da aka cire ko kabureta ko lagireto ka zuba a kwali ka ajiye wa mai saye.

Wanki da hannu, ruwa da sabulun mota da tsumma mai laushi. Fentin lokacin shafi ɗaya ne ba kiliya a sama, wato shafin ƙyalli mara launi da ke kare fenti, kuma shekaru sun sa ya yi siriri. Na taɓa ganin an ɗora injin goge a kan irinsa, cikin daƙiƙa kaɗan gefen bonet ya cinye har ƙasa ta bayyana, har yau abin na min ciwo. Tsagar kujera ka barta, ko a ɗinke ta yadda take.

Tsatsa ce babbar cutar Mustang, balle Ohio da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ka zuba ruwa a ramukan iskan nan da ke gaban gilashi, ka leƙa ƙasan dashbod, in ya ɗigo kan kafet to wajen ya ci. Duba ƙasan kafet, cikin but, da ƙarafan ƙasa. Abin da ka gani ka ɗauke shi hoto ka faɗa da bakinka, masu sayen nan da na'urar auna kaurin fenti suke zuwa, kuma wanda ya gano abu ɗaya da ka ɓoye ba zai ƙara yarda da sauran maganarka ba.

Maganar mil 61,000, agogon lamba biyar ne, in ya kai 99,999 sifili yake komawa, don haka takarda ce shaidarka. Tunda dattijon yana raye ka kira shi ko ka je takanas, ka nemi rasitin saye, littafin mota, takardun sabis, tsofaffin hotuna, ya rubuta maka tarihinta ya sa hannu.

Farashi ka duba na Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci da ke fitar da kimarsu, suna kasa motoci mataki 1 zuwa 4 gwargwadon lafiyarsu, sannan ka duba abin da aka sayar da irin taka a Bring a Trailer, shafin gwanjon motoci na intanet, wanda aka biya fa, ba wanda aka yi talla ba. Ni can zan kai ta, gwanjon kwana bakwai, in nemi a sa iyakar da ba zan sallama ƙasa da ita ba. Manyan kamfanonin gwanjo irin su Mecum da Barrett-Jackson suna da kyau amma akwai la'ada da kuɗin ɗauko, sun fi dacewa in K ce. Ka tabbatar takardar mallaka ta koma sunanka kuma lambarta ta yi daidai da ta jikin mota. Wanda yace zai turo cek sama da kuɗin ka maido masa canji ɗan damfara ne, kar makulli ya bar hannunka sai bankinka ya tabbatar kuɗin sun zauna.