Littattafan ƙasar ƙanƙara: wanne za a saya, wanne za a sauke kyauta?

Wannan makon saƙonnin kusan duk kan littattafan ƙasashen ƙanƙara ne da na tsuntsaye, wai mu da ma'aunin sanyi ke sauka 12 a Disamba mu naɗe kamar za mu mutu amma muna son labarin wurin da aka taɓa auna 89.2 ƙasa da sifili (tashar Vostok ta Rasha ce a Antaktika, 1983). Toh bismillah.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuɗina na littafi ɗaya ne kawai. Abokina ya ce in sayi Endurance na Alfred Lansing, wani kuma ya ce The Worst Journey in the World ya fi shi. Wanne zan ɗauka dan Allah?

Amsa: Ƙanena ai tambayarka ta warware kanta ba ka sani ba. The Worst Journey in the World a 1922 ya fito, yana shafin intanet na Project Gutenberg kyauta kuma halal ɗinka ne, ba sata ba, haka South wanda Shackleton, shugaban tafiyar jirgin Endurance ɗin, ya rubuta da kansa a 1919. Na Lansing kuwa 1959 ne, har yanzu akwai haƙƙin mallaka a kansa, shi ne sai ka biya. Saboda haka kuɗin ka sa a Endurance, ɗayan ka sauke a waya, ka ci biyu kenan.

Kuma da Endurance ɗin za ka fara, don shi ne mai jan mutum. Mutum 28 ne, jirginsu ya maƙale cikin ƙanƙara a tekun Weddell na Antaktika a Janairun 1915, ƙanƙarar ta yi ta matse shi har ya nutse a Nuwamba, suka zauna kan ƙanƙara mai yawo wata da watanni suna cin naman tsuntsun fengwin da dabbobin ruwa har karnukansu sai da suka ci, daga baya suka ja ƙananan jirage uku zuwa wani tsibirin da babu kowa, Shackleton ya bar mutum 22 a can ya ɗauki biyar suka shiga kwalekwale da bai kai mita 7 ba suka ratsa teku kusan kilomita 1,300 zuwa tsibirin South Georgia, su uku suka haye duwatsun tsibirin a ƙafa cikin awa 36 kafin su ga ɗan adam. Ranar 30 ga Agusta 1916 aka kwaso na baya, ba wanda ya mutu a cikinsu. Lansing ya zauna da waɗanda suka rage da rai ya karanta littattafan da suka riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum, shi ya sa labarin ke da nama. Amma in ka ji ana cewa Shackleton bai rasa kowa ba a tafiyar, ka sani akwai wata tawagar tasa a ɗaya gefen nahiyar, wajen tekun Ross, mutum uku suka rasu a can, masu yabon nasa ba su cika kawo wannan ba. Jirgin kansa an gano shi a Maris 2022 a zurfin mita 3,008, sunansa na nan raɗau a jiki.

Shi kuwa The Worst Journey na Cherry-Garrard sai ka yi haƙuri da shi, yana da tsawo kuma Turancin na da ne. In ka ga farkon na sa ka barci tsallake kai tsaye zuwa babin tafiyar hunturu ta 1911, inda su uku suka yi sati biyar cikin duhu, sanyi ya kai kusan 60 ƙasa da sifili, duk don su ɗauko ƙwan fengwin, guda uku suka dawo da su. Abokan tafiyar tasa biyu, Wilson da Bowers, su ne suka mutu tare da shugabansu Scott a 1912 a hanyar dawowa daga ƙuryar kudancin duniya, bayan sun iske Amundsen ɗan Norway ya riga su tun 14 ga Disamba 1911. Littafin mutum ne da ke makokin abokansa, ba na sauri ba ne.

Gargaɗi ɗaya, in a shagon gwanjon littattafai ko wajen masu shimfiɗawa a bakin titi za ka saya, buɗe tsakiyar Endurance ɗin ka duba hotunan Frank Hurley, mai ɗaukar hoton tafiyar, da taswira. Bugun jabu hotunan baƙi ƙirin suke fitowa kamar gindin tukunya, kuma wani lokacin shafuka na tsallake. Gara tsohon bugu na gaske ko da bango ya yage.

Tambaya: Ranka ya daɗe, daga Maradi nake, Faransanci na fi iyawa. Duk labaran nan na Turawa ne, babu baƙar fata ko ɗaya da ya je?

Amsa: Akwai mana ɗan uwa, kuma kai ka fi mu sa'a don da Faransanci aka rubuta shi. Nemi L'Africain du Groenland na Tété-Michel Kpomassie, ɗan Togo, ya fito 1981. Yana yaro ya ci karo da wani littafi kan mutanen Girinland a shagon littattafai na 'yan mishan a Lome, ƙasar da babu maciji (shi kuma maciji ne ya sa ya faɗo daga bishiyar kwakwa ya kusa mutuwa), sai ya gudu daga gida yana ɗan shekara 16, ya yi shekara takwas yana aiki yana matsawa ta Ghana da Senegal da Faransa da Jamus da Denmark har ya sauka Girinland a 1965. Abin da ya sa na fi son shi kan sauran shi ne bai je cin wata ƙasa ko kafa tuta ba, baƙunta ya je, ya kwana gidajen mutanen Inuwit 'yan asalin ƙasar ya ci ɗanyen naman da suke ci, ya koyi tuƙa keken da karnuka ke ja, yana kallonsu da idon ɗan Afirka ta Yamma wanda ya san darajar baƙo da zaman dangi. In da littafi ɗaya ne duk cikin waɗannan ya cancanci a yi odarsa daga waje a jira, to wannan ne. Masu Turanci ku nemi An African in Greenland, sabon bugun Penguin na 2022 kuma sunansa Michel the Giant, abu ɗaya ne kar ku sayi biyu. Sai dai ba na yara ba ne, ya faɗi shaye-shaye da al'adun aure na can ba ɓoye-ɓoye.

Wata malamar makaranta daga Kumasi ma ta turo nata, ta ce a gaya wa jama'a littafin Matthew Henson na 1912, baƙin Ba'amurken da ya yi tafiyar 1909 da jagoransu Peary zuwa ƙuryar arewacin duniya tare da Inuwit huɗu. Mun gode Malama, yana Gutenberg kyauta kuma gajere ne. Har yau masana na gardama ko sun taka ainihin wurin.

Tambaya: Malam ɗana mai shekara 13 ya haukace da kallon tsuntsaye, muna Gashua. Littafi zan saya masa ko madubin hangen nesa?

Amsa: Hajiya Allah ya raya shi. Madubin za ki fara saya, mai lamba 8x42 ko 8x32, kar mai shago ya ruɗe ki da wanda ya fi girma, hannun yaro rawa zai yi da shi ba zai ga komai ba. Kafin kuɗin littafi su samu sai ki sa masa manhajar Merlin mai gane tsuntsaye a wayarki, kyauta ce. Littafin da ake amfani da shi a yankinmu Birds of Western Africa ne na Borrow da Demey, yana da tsada, kuma shi kam na takarda za a saya don zanen launin ne amfaninsa, fotokwafi ɓarnar kuɗi ce. Kuma kuna kusa da fadamar Hadejia-Nguru da Dagona, inda tsuntsaye ke sauka da hunturu daga Turai, wasu ma can arewacin Rasha suke ƙyanƙyasa. Ki sa wani babba a gidan ya kai shi tsakanin Disamba da Fabrairu, da sassafe, ya tafi da ɗan littafin rubutu da fensir ya riƙa tambayar masunta sunayen da suke kiran kowanne.