Ɗan karen da ya cije ka tsoro yake ji

Ɗana, na ji ƙorafinka. Ka ce wata huɗu kana wanka da atisaye wa manyan karnuka, Alsatian da Boerboel, babu wanda ya taɓa kai maka baki, sai ga ɗan Lhasa ɗin gidan Hajiya, abin da bai wuce kilo 7 ba, ya cije ka sau biyu cikin mako guda. Kana tambaya ko ka ɗan zane shi da tsumagiya ya san akwai na gaba da shi. Kul, kada ka soma.

Hannun naka tukuna. Duk cizon da ya fasa fata, komai ƙanƙantarsa, a wanke shi da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sannan a tafi asibiti ranar. Ka kuma ce a nuna maka katin rigakafin karen, ka duba kwanan watan allurar ƙarshe da idonka. Ciwon haukan kare idan ya riga ya bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. "Ai ɗan gida ne, ba ya fita" ba kati ba ne.

To, koma kan maganarka. Yau in ka isa gida ka kwanta rub da ciki, haɓarka a ƙasa, ka ce wa ƙaninka ya tako da sauri ya tsaya a kanka ya miƙo hannu biyu. Abin da karen nan yake gani ke nan kullum, sau ashirin a yini. Tsayinsa taƙi ɗaya ne da ɗan ɗoriya. Boerboel in ya yi gurnani, kowa ja da baya yake yi har da maigadi, don haka ba ya buƙatar ya kai ga cizo. Shi kuwa ɗan ƙaramin in ya yi gurnani dariya ake yi, a ɗauko waya a yi masa bidiyo, a sungume shi sama duk da haka. Ya yi magana a hankali ba a ji ba, ya ɗaga murya ba a ji ba, ranar da ya sa haƙori aka sake shi nan take. Me kake tsammani ya koya?

Ranar da na raka ka gidan ina zaune ina kallo. Tun kana bakin ƙofar falo ya kau da kai gefe, ya lashi hancinsa, ya yi hamma alhali ba barci yake ji ba. Da ka matso ya manne kunnuwa a ƙeya, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, yana hararenka ta gefe har farin idonsa ya fito. Sai ya shige ƙarƙashin kujera. Kai kuma ka durƙusa ka zura hannu ka jawo shi. Akwai wani ɗan lokaci da ya sandare, ko numfashi kamar ba ya yi. Kai ka ɗauka ya saduda, ni kuwa na san tura ta kai bango, shi ya sa ka ji na ce ka dakata. Wannan sandarewar ita ce ta ƙarshe kafin cizo. Tabon da ke babban yatsana na dama wata 'yar karya ce da ba ta kai girman kyanwa ba ta yi min shi ina koyon aiki, a daidai irin wannan halin, kuma laifina ne.

Duka ba zai cire tsoron ba, gurnanin zai cire. Ka zane shi yau, gobe zai yi shiru, ka ce magani ya ci. Tsoron yana nan, har ma ya ƙaru, gargaɗin kawai ka kashe. Karen da ke cizo ba sanarwa shi ne mafi haɗari a gidan da jikoki ke rarrafe, fuskarsu daidai bakinsa. Ni kare ya yi min gurnani, godiya nake yi a raina, in ja baya in tambayi kaina me na yi.

Sannan ruwa ba ya tsami banza. Hajiya ta ce da ba haka yake ba, bana ya canza. In ka ji wannan, likitan dabbobi ne farko, horo daga baya. Ƙananan karnuka suna yawan fama da zamewar ƙoƙon gwiwa, za ka ga yana tafiya ya ɗage ƙafar baya taku biyu uku ya sauke. Suna kuma fama da ciwon haƙori, don bakin ƙarami ne haƙoran a cunkushe. Lhasa kuma ga gashi: yakan cukurkuɗe a bayan kunne da hammata ya dinga jan fata, kaska ta ɓuya a ciki, na goshi ya rufe ido har bai ga hannu ba sai ya sauka a kansa. Wanda ake taɓa wa ciwo ba ya jin lallashi.

In likita ya sallame shi, ga yadda za ka yi. Ka je ba don wanka ba. Ka zauna a ƙasa nesa da shi, ka ba shi gefenka, kada ka zuba masa ido, kada ka kira shi. Ka riƙe dafaffen naman kaza ko hanta, an yayyanka kamar ƙwayar gyaɗa. Ban da tsire, ban da kilishi: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Ka jefa masa naman ya faɗi bayansa, ba tsakaninku ba. Yara da yawa a nan suke kuskure, su miƙa nama a tafin hannu, kwaɗayi ya jawo karen kusa fiye da yadda zuciyarsa ta yarda, ya haɗiye, ya ɗaga kai ya gan ka dab da shi, ya firgita ya kai cizo. In naman yana bayansa, zai je ya ci, ya juyo da kansa, kuma duk takun da ya yi zuwa wajenka shi ya zaɓa. In ya ƙi ci sam, ka yi kusa da yawa, ƙara ja baya. Minti biyar ya isa, ka tashi tun bai gaji ba.

Ranar da ya zo ya shinshine ka, bar shi ya gama. Taɓawar farko a ƙirji ko kafaɗa, ba ta saman kai ba, ka ƙirga uku ka ɗauke hannu. Ya matso, ka ƙara. Ya tafi, ka ƙyale shi. Mataji da almakashi da takunkumi ma haka: a nuna, a ba da nama, a ɓoye, kafin a kai ga taɓa jiki da su. Igiya kuma a ɗaura a ɗamarar ƙirji, don maƙogwaron ƙananan nan ba ya jure fizga.

Aikin da ya fi wuya ba na karen ba ne, na mutanen gidan ne. Dole ka gaya wa Hajiya, cikin ladabi, a daina yawo da shi a hannu duk yini, a bar shi ya taka ƙasa. A ware masa lungu da shimfiɗa inda in ya shiga babu mai bin sa, ko jikan da aka fi so. In baƙi za su shigo a kai shi can kafin a buɗe ƙofa. Kuma kada ka yi mata alkawarin zai zama mai son kowa. Asalin Lhasa daga Tibet ne, an yi kiwonsa don ya zauna cikin gida ya yi haushi in ya ji baƙo, rashin yarda da baƙo a jininsa yake. Ga shi kwikwiyo yana sabawa da mutane da hayaniya ne tsakanin mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, wannan kuwa ta ce a keji ta saye shi ya riga ya tasa. Abin da za ka iya cewa shi ne zai daina cizo a wanka, ya bar likita ya duba shi, ya kuma koyi tafiya lungunsa maimakon kai hari. Zai ɗauki makonni, wataƙila watanni, ka faɗa mata tun yanzu kafin a yi ciniki.

Ranar Asabar ka biyo ta shago da safe ka karɓi hanta da ƙaramar ɗamarar nan ja. Tare za mu je, amma ni a mota zan tsaya, kada mu yi masa yawa.